Ƙofar da Ake Toshewa da Toka

Gawar Silas Pardoe ta kwana a kan ruwa, ta wuni a kan ruwa, kafin ta iso matakalar Marlcote, inda ake ɗaga jirgi da ruwa tsakanin ƙofofi biyu, wadda ita ce ta ƙarshe a hanyarsu.

'Yarsa Dorcas ce ke riƙe da sandar tuƙi tun daga tashar kwal, inda ya yanke jiki ya faɗi ana cikin lodi. Ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi. Kafaɗunta sun yi ciwo har sun gaji sun daina, yanzu ji take kamar aro ta yi su. A gabanta, a tsakiyar dogon jirgin da aka share aka wanke har ba ka ganin ɗigon baƙi, akwatin gawar na ɗore a kan katakai. An lulluɓe shi da babbar kwat ɗin soja da Silas ya dawo da ita daga yaƙi, wadda ba ya rabuwa da ita ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Matarsa Mabel ce ta shimfiɗa ta da hannunta. Ta ce ba ta taɓa ganinsa a kan ruwa ba tare da ita ba, ba kuwa yau za ta fara ba.

Mutanen jirgi ba su da gida a tudu, amma suna da maƙabarta. Ko a wane lungu na Ingila mutuwa ta riski mutum, jirginsa ne ke maido shi inda iyayensa suke kwance, ga su Pardoe kuwa bayan cocin Marlcote ne. Ba a saka shi a mota. Mota ta mutanen tudu ce, ita ce kuma ta ƙwace musu dakon kaya, ta bar su da ɗan abin da ba ta so. Jirgin da ya ɗauko gawa ba ya bin layi a ko'ina. Kowa raɓewa yake yi, ya tuɓe hula. A da, in an ɗauko mutum irin Silas, sai ka ga jirage jere a gefe har ido ya gaji. Wannan karon waɗanda suka raɓe musu ba su cika yatsun hannu ba. Ba rashin ladabi ba ne. Jiragen ne babu.

Faston Marlcote, mai coci uku a wuyansa, ya aiko cewa zai tsaya a bakin kabari har faɗuwar rana. In ba su iso ba, sai dai a kai gawar ɗakin ajiya na gari, a jira wata rana. Kowa ya san da me ake kai gawa ɗakin ajiya: da mota. Mabel ta ji saƙon, ta ci gaba da goge tagullar ɗaki.

Rana ta karkata sosai lokacin da Dorcas ta hango baƙaƙen ƙyamaren matakalar a buɗe. Matakalar Marlcote kullum haka ake samunta daga ƙasa, ta zubar da ruwanta, kamar mai jiran baƙo. Masu jirgi kan yabe ta da haka, su ce babu mai kirkinta a duk kanal ɗin, hanyar ruwan da aka haƙa wa jirage. Yabon banza. Tulun da ya huje ai kullum a shirye yake a zuba masa.

Ta rage inji, ta zura jirgin cikin matsatsin bulo, bango nan bango nan, babu ko wurin sa hannu. Sanyi da warin gansakuka suka rufe su. Sama ta koma siririya can bisa kansu. Dorcas ta miƙa wa uwarta sandar, ta soke ƙarfen murɗawa a ɗamararta, ta kama tsanin bango ta hau. Ta jingina bayanta da gungumen ƙyaure ɗaya ta tura, ta tsallaka ta tura ɗayan, ƙofar ƙasa ta rufu a bayan jirgin. Abin da ya rage shi ne a buɗe tagogin ruwa na ƙofar sama, ruwa ya shigo ya ɗaga jirgin har ya yi daidai da na gaba, a tura ƙofar a fita. Aikin da ta fara tun ba ta fi tsayin gungumen ba.

Mai gadin matakalar, Mista Gaskin, ya fito daga gidansa da silifa, hula a hannu, ɓarɓashin burodi a gashin baki.

"Sannunku da hanya, Misis Pardoe," ya leƙa ƙasa ya ce. "Ya haƙuri? Allah ya ba shi hutu."

"Amin, Mista Gaskin."

"Dorcas, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ya jikin ƙofarka?"

"Tana nan, tana nan."

"Na gan ta. Ita ma an kusa zuwa maka gaisuwarta."

Gaskin ya yi 'yar dariyar nan tasa da yake tare kowace magana da ita, ya mai da hula kai.

A sama da matakalar, wani jirgin dakon kwalta na ɗaure a gefe, ya sa kai zai sauka. Mai shi, Reuben Tandy, ya taho yana ɗingishi da lofe a baki. Shi da Silas sun ƙare ƙuruciyarsu suna tseren shiga matakala, suna zagin juna daga jirgi zuwa jirgi, da yamma kuma su zauna a teburi ɗaya. Tun hantsi ya iso, ya ji an ce Silas na tafe, ya ɗaure ya jira. Ya tsaya a bakin bango ya tuɓe hula, ya daɗe yana kallon akwatin can ƙasa.

"To, Silas," ya ce, "yau dai ka riga ni. Amma maguɗi ka yi, kwance aka kawo ka."

Mabel ta ɗago kai, bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi. "Ko a kwancen ya fi ka sauri, Reuben."

"Haka ne, Mabel. Haka ne."

Su biyu suka murɗa tagogin, Dorcas a wannan gefe, Reuben a wancan. Ruwa ya ɓarko daga ƙarƙashi yana tafasa, jirgin ya ja baya ya dawo, ya fara hawa. Akwatin ya taso a hankali daga duhu, kwat ɗin ta shigo hasken rana, maɓallanta na ƙyalli. Layin bulo bayan layin bulo suka nutse. Sai hawan ya yi sanyi. Sai ya tsaya.

Saura tafin hannu ɗaya.

Daga bayansu ake jin dalili. Ruwa na fita ta tsakanin ƙyamaren ƙasa da ƙara kamar ta injin niƙa, yana feshi har kan ciyawa. Abin da ke shigowa ta sama, shi ke fita ta ƙasa. Duk da haka suka gwada, don mutum ba ya rasa gwadawa: su uku suka sa baya a gungumen ƙofar sama, Gaskin na nishi, silifarsa na zamewa. Ko motsi. Tafin hannu ɗaya na ruwa, in yana danne da ƙofa, ya fi ƙarfin maza goma.

Babu wanda ya yi mamaki, abin takaicin ke nan. Ƙyamaren nan sun girmi Dorcas. Itacensu ya ruɓe har kana iya tura babban yatsa ciki, kuma kowa ya sani, daga mai gadi har manyan ofishin kula da kanal da ke zuwa sau ɗaya a shekara su tsaya da hannu a aljihu suna yaba tsufan ginin. Har allon ƙarfe suka kafa masa mai ɗauke da shekarar da aka gina shi, suna aiko mai goge allon. Masu jirgi kuwa, maimakon su taru su ƙi motsi sai an gyara, sai suka nemo dabara, suka kuma yi alfahari da ita. Toka. In ka doso Marlcote sai ka tara tokar murhunka a bokiti. In ruwa ya tsaya, ka zazzaga ta a jikin ƙofar ƙasa, ruwan da ke gudu ya ja ta cikin tsagogi, ta toshe su iya lokacin da za ka fita. Na bayanka shi ma ya zo da tasa. Haka aka yi ta yi, uba ya koya wa ɗa, har aka manta cewa ƙofa ana iya sake ta. Aka sa wa abin suna iya aiki.

Silas kuwa shi ne gwanin gwanaye. Ya san inda zai tsaya, ya san yadda zai karkata bokiti tokar ta sauka siririya kamar ana tankaɗe. Sau nawa Dorcas ta ce masa su haɗa kai da sauran su je ofis? Sai ya kakkaɓe hannu a jikin kwat ɗinsa ya ce, "Toka ta isa, 'yata."

Dorcas ta koma bakin bango. Jirgin ya taso, uwarta na tsaye kusa da ita.

"Mama, miƙo tokar."

Mabel ba ta motsa ba.

"Mama. Bokitin."

"Babu."

"Kamar yaya babu?"

"Na zubar. Tun a tashar kwal, a gindin shinge." Muryarta ta yi ƙasa, sannan ta tashi. "Na kwashe murhun, na wanke, na shafe shi da baƙi. Mutane za su leƙo ɗakin nan bayan an binne, Dorcas, kin san halin matan Marlcote. So kike su ce matar Silas ƙazama ce? Wuta kuwa ban hura ba tun da ya tafi. Wa zan dafa wa?"

Dorcas ta tuna. A gabanta aka zubar da tokar. Ita ce ma ta riƙe wa uwarta tsintsiya. Bai faɗo mata a rai ba, don toka aikin Baba ce, kullum tana nan a bokiti ba tare da wani ya ce a tara ba. Ta nemi fushi a jikinta ba ta samu ba, gajiya ta cinye shi.

"Mista Gaskin, a taimaka mana da ta gidanka."

Gaskin ya sosa ƙeya. "Af! Ashe ba ki ji ba? Ai bara ofis suka sa min murhun gas. Fari fes, sai kin gani. Murɗawa kawai, wuta ta kama. Toka ko ta shafa wa yatsa babu a gidan nan."

"Sun san hanyar gidanka da murhu, ba su san hanyar ƙofa da katako ba."

"'Yar nan, ke yarinya ce." Ya rage murya kamar ofis na laɓe a bayan shinge. "Kina tsammani in na matsa musu gyara za su yi? Zuwa za su yi su ga jirgi nawa ke wucewa, su sa kwaɗo su rufe kanal ɗin baki ɗaya. Sannan ku ci me, ni in ci me? A bar kaza cikin gashinta."

"Kazar ta mutu, Mista Gaskin. Gashin kawai kake gadi."

"Kai, ku bar kaza ta huta," in ji Reuben. "Ni ina da toka. Ba ta kai ta Silas daraja ba, amma toka ce."

Ya tafi ya dawo da rabin bokiti. Ya hau kan ƙofar ƙasa, ya kama ƙarfen dafawa da hannu ɗaya. "Silas, rufe ido, kada ka ga yadda zan ɓata maka sana'a." Ya zazzaga. Tokar ta kwanta a kan ruwa, ta yi juyi, ta nutse. Ƙarar ta ragu. Dorcas ta tsura wa layin bulo ido: ruwa ya hau yatsa ɗaya, ya hau biyu. Sai wani abu ya yi ƙara a cikin itacen kamar an karya ƙashi, kukan ruwan ya dawo fiye da da. Can ƙasa, wani tabo mai launin toka ya bazu a kan kanal yana tafiya abinsa.

Reuben ya leƙa bokitinsa, ya leƙa ruwa. "To fa. Ta ci ba ta ƙoshi ba."

Inuwar gidan Gaskin ta riga ta tsallake matakalar ta hau shingen wancan gefe. Bayan gonaki, hasumiyar cocin Marlcote na tsaye, kusa har kana ganin tantabarun da ke kanta.

"Ga wata dabara," in ji Reuben. "Ki ja baya iya wuri, ki ba inji wuta, ki daki ƙofar sama da goshin jirgi, mu kuma mu tura. Mun sha yi."

"Shi ya sa ƙofofin suka zama haka, Kawu," in ji Dorcas.

"Da shi a ciki?" in ji Mabel. "A kifar min da miji kamar buhun dankali? Ba a gabana ba."

"To a ɗauko shi a sa a nawa."

"Naka da ya juya wa coci baya, wurin juyawa kuma babu sai an sauka? Kuma Silas a jirginka, Reuben Tandy? A kan kwalta? Ai sai ya tashi ya sauka."

Gaskin ya gyara murya. Ya ce shi dai ba don komai ba, amma akwai waya a gidansa, ita ma ofis suka sa. Surukinsa na da a-kori-kura, mai tsabta, kayan lambu kawai yake ɗauka. Titi ga shi nan bayan shinge. Kafin a tafasa shayi an kai. Wa zai gani? Wa ma ya rage da zai yi magana?

Mabel ta saki sandar tuƙi ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ta ɗora hannuwa a cinya. Dorcas ba ta taɓa ganin uwarta zaune a cikin matakala ba.

"A kan ruwan nan aka haife shi, ƙarƙashin gada," in ji Mabel, ba da kowa take ba. "Bai taɓa kwana a tudu ba sai a yaƙi. Ga hasumiyar can ina kallo. In motar ce, to, a kira. Na gaji."

Wannan kalma ce ta fi yi wa Dorcas zafi. Da kururuwa uwarta ta yi da ya fi mata sauƙi.

Ta zaro gorar jirgi mai ƙugiya, ta hau kan ƙofar ƙasa, ta kwanta rub da ciki a kan katakon tsallakawa. Ta zura gorar cikin ruwa tana laluben jikin itace. Ƙasa kaɗan da tsawon hannu, wajen haɗuwar ƙyamaren, ruwa ya fizgi gorar har ya kusa ƙwace ta. Ba tsaga ba ce yanzu. Katako ne ya ɓalle, ya bar ramin da kan mutum zai shiga.

"Ya wuce toka," ta ce. "Abu mai kauri yake so, wanda ruwa zai manna a bakinsa."

Tamfol ɗinsu na tashar kwal, sun bar shi can don kada ya ɓata wankin jirgi. Gaskin ya ruga ya kawo buhun dankali marar komai, yana murna ya sami abin yi. Dorcas ta saukar da shi da gora. Ramin ya haɗiye shi loma ɗaya, ya tofar ta baya. Bargunan ɗaki kuwa sun sha wanki sun yi laushi, hanyar buhun za su bi.

Tana kwance a wurin, haɓa a kan katako, sai idonta ya sauka kan kwat ɗin da ke lulluɓe da akwatin. Ulu mai kaurin yatsa, ninki biyu a kafaɗa, tsawonta na rufe mutum har idon sawu. Ta ɗauke kai. Ta sake kallo.

"Mama."

"Na ga abin da kike kallo."

"Zan ɗaura mata igiya. Ba za ta tafi ba."

Mabel ta dubi kwat ɗin. "Da ita na ce za a binne shi."

"Na sani. Ko ita ta jiƙe, ko shi ya hau mota."

"Da shi ne a tsaye nan," in ji Reuben a hankali, "da tuni ya tuɓe ta."

"Da shi ne a tsaye nan da bai manta da toka ba," in ji Mabel.

Ta tashi. Ta bi gefen jirgi ta sauka ciki, ba ta yarda kowa ya kama mata hannu ba. Ta laluba aljihunan, ta fitar da guntun igiya da kwalin ashana, ta sa a nata aljihun. Sannan ta yaye kwat ɗin, ta naɗe, ta miƙo. Akwatin ya fito tsirara, farin katako, ya ƙanƙance kamar ba na Silas ba.

Dorcas ta ƙulle igiya a wuyan kwat ɗin. Warin babanta ya bugi hancinta, taba da man inji da hayaƙi, ta riƙe numfashi. Ta baza ta a kan ruwa, ta danna ta ƙasa da gora tana bin jikin ƙofa. Da farko ta ƙi nutsewa, ta kumbura ta buɗe hannuwa kamar mai iyo. Sai ruwa ya kama ta. Ya fizge ta daga ƙugiya, ya maka ta a bakin ramin, igiyar ta miƙe a hannun Dorcas.

Ƙarar ta ɗauke.

Shirun ya yi yawa har suka ji kukan tumaki a wata gona. Ruwa ya ci gaba da hawa, ba gaggawa, ya shafe layin bulon da ya gagare shi. Reuben ya je ya jingina da gungumen ƙofar sama don ya huta, sai ƙofar ta tafi da shi, saura ƙiris ya sha ƙasa.

"Ɗan banza!" ya ce wa akwatin. "Ko gargaɗi babu."

Gaskin ya zo ya tsuguna kusa da Dorcas yana leƙen ruwa, fuskarsa ta washe. "Kai! Kin ga yadda ta zauna? Daram! Ulun da ke nan, ba irin na yanzu ba. Bar min igiyar, 'yar nan. In Reuben ya sauka ruwa ya janye, sai in sa tsani in kafe ta da ƙusa a wurin, in shafe da kwalta. Na rantse za ta kai mu baɗi. Wataƙila ma ta wuce."

"Maganarsa ba laifi," in ji Reuben. "Silas zai so haka. Ya ci gaba da aikinsa."

Dorcas ta dubi uwarta. Mabel ta koma kan sandar tuƙi, idonta a kan rana. "Yadda kika gani," ta ce. "Mu dai mu tafi."

Abu ne mai sauƙi. Sakin igiya ne kawai, hannunta ma ya gaji da riƙo. Na gobe zai zo ya hau lafiya, ya sa wa Silas albarka. Za a ba da labarin a mashaya, a yi dariya, a ce ka ga mutanen da, ko sun mutu suna da amfani. Baɗi in ulun ya ruɓe, wani ya kawo bargon kakarsa. Mai goge allon ƙarfe ya zo ya goge ya tafi.

Ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara. Gaskin ya miƙo hannu. Ta wuce hannun, ta taka bayan jirgi, ta naɗa igiyar a turken ƙarfe, ta ƙulle.

"Dorcas, me kike yi?"

"Babana ya ƙare rayuwarsa yana toshe muku ƙofar nan, Mista Gaskin. Ba zai toshe ta yana mace ba."

Ta karɓi sandar daga hannun uwarta, ta ba inji wuta. Jirgin ya motsa, igiyar ta fito daga ruwa tana ɗiga, ta miƙe, ta yi kuka. Na ɗan lokaci jirgin ya tsaya cak, ƙofa na ja, inji na ja. Sai ɗinki ya ɓarke. Kwat ɗin ta taso ta biyo su tana birgima, ƙarar ruwan ta dawo a bayansu gaba ɗaya.

Gaskin ya bi su a bakin bango da silifa yana ɗaga hannu. "Wanda zai hau gobe fa? Me zan ce masa?"

"Ba ka ce kana da waya ba?"

"In suka rufe fa? Dorcas! In suka rufe?"

Ba ta juya ba.

Reuben na tsaye da hula a ƙirji suka wuce shi. "Wannan taurin kan ba na Silas ba ne, Mabel," ya ce, "naki ne." Ya juya ya fara kwance igiyar jirginsa da sauri. "Bari in shige tun ƙofa na buɗe, in biyo ku da ƙafa. Kada ku sa shi ƙasa sai na zo, akwai sauran zagin da ban yi masa ba."

Mabel ta janyo igiyar. Nauyin kwat ɗin ya fi ƙarfinta, sai da Dorcas ta soke sandar a hammata ta kama mata. Suka ɗago ta kan jirgi tana zubar da ruwa, ta yi dumu-dumu da toka da gansakuka. Hannu ɗaya babu. Ƙofar ta riƙe shi. Mabel ta matse iya ƙarfinta, ta tafi da ita gaba, ta shimfiɗa a kan akwatin kamar da, ta gyara wuyan, ta mai da wurin yagewar gefen da ba ya kallon gaɓa. Ruwa na ɗiga daga gefuna, yana ɓata katakon da ta kwana tana wankewa. Ta kalla, ta bar shi.

Da ta dawo ta tsaya kusa da 'yarta, tana goge hannu a siket.

"Da ya yi miki faɗa."

"Na sani."

"Da ya ce toka ta isa."

"Na sani, Mama."

Suka sha kwana. Ƙarar ƙofar ta bi su har ƙarƙashin gada, sannan ta bar su. Rana na zaune a kan shinge, saura kaɗan, amma saura. A matsayar jirgi ta bayan coci mutane ƙalilan ne tsaye cikin baƙaƙen kaya, fasto a gabansu yana ɗaga ƙafa yana saukewa saboda sanyi. Dorcas ta laluba ranta ko za ta sami wani daɗi, ba ta sami komai ba sai ciwon kafaɗa da ya dawo.

"Rage gudu," in ji Mabel. "Kada a ce da gudu muka kawo shi."

Dorcas ta rage.